Ƙarfin Bugun Badmintin Ta Tsakiyar Jiki Yake Bi

Darasin wannan fitowa ya shafi masu buga badmintin, maza da mata, har da waɗanda ke tsayawa gefe suna jiran a ba su aron raket. Muna roƙon mai karatu ya matso da biro da littafi, domin akwai abin kwafa a ƙasa.

Idan ka tambayi yaro a filinmu inda ƙarfin bugu yake, zai naɗe hannun riga ya nuna maka damtse. Saboda wannan tunani ne wasu ke ta fizgar raket da kafaɗa kawai. Kafin a tashi wasa kafaɗa ta yi tsami, ƙugu ya riƙe, shatil kuwa bai wuce tsakiyar filin abokin karawa ba. Wasu ma sukan bar wasan gaba ɗaya, su ce su ba su da ƙarfi. Abin da muke so mu nuna shi ne, hannu ƙarshen aikin yake yi. Ƙarfin daga ƙafa yake tasowa, ya ratsa tsakiyar jiki, sannan ya isa raket. Idan tsakiyar ta yi sako-sako, a hanya ƙarfin yake zubewa. Gyaranta kuma ba ya cin kuɗi. Tabarma ɗaya da minti 15 sun isa.

Mu fara sanin wasan

Wasan ya samo sunansa daga Badminton House, wani babban gida a ƙasar Ingila. Sojojin Birtaniya da suka zauna a garin Poona na Indiya sun buga irinsa a wajajen shekarun 1860 zuwa 1870, suka koma da shi gida. An kafa hukumar wasan ta duniya a 1934, kuma yanzu hedkwatarta tana Kuala Lumpur a ƙasar Malesiya. Wasan ya shiga gasar Olamfik sosai a 1992, a birnin Basalona na Sifen.

Tsawon fili mita 13.40 ne. Faɗinsa mita 6.10 ne idan mutum biyu-biyu ke wasa, mita 5.18 idan ɗaya-ɗaya ne. Tsayin raga a jikin turaku mita 1.55 ne. Shatil na asali yana da gashin tsuntsu guda 16, na agwagwa ko na dinya, kuma nauyinsa tsakanin giram 4.74 ne da 5.50. Wato kamar nauyin takardar fotokwafi guda ɗaya. Namu na roba ne, amma nauyin kusan ɗaya ne.

Wannan ɗan abu mara nauyi yana da gudun ban mamaki. A 2023 wani ɗan wasan Indiya, Satwiksairaj Rankireddy, ya buga shatil da gudun kilomita 565 a awa ɗaya a wajen gwaji, aka sa shi a kundin bajinta na Guinness. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa a kan hanyar Gusau zuwa Tsafe, shatil ɗin ya ninka ta fiye da sau biyar.

To, rabin filin da mutum ke tsarewa mita 6.70 ne kawai daga raga zuwa layin baya. Ba dogon gudu ake yi a cikinsa ba. Abin da ake yi shi ne zabura, da tsayawa farat ɗaya, da miƙa ƙafa gaba, da ja da baya, da tsalle, da murɗa jiki. Duk waɗannan suna neman abu ɗaya: tsakiyar jiki mai riƙe mutum kada ya yi tangaɗi.

Ina ne tsakiyar jiki?

Ka ɗora hannu ɗaya a ƙarshen haƙarƙarinka, ɗaya kuma a kan ƙugu. Abin da ke tsakanin hannuwan nan biyu, gaba da baya da gefe, har zuwa mazaunai, shi muke kira tsakiyar jiki. A ƙirji akwai haƙarƙari da ke kewaye da mutum. A wannan wuri kuwa babu wani ƙashi sai ƙashin baya, gaɓoɓi biyar da aka jera ɗaya bisa ɗaya. Tsokoki ne ke riƙe su. Ga manyan cikinsu:

1. Tsokar gaban ciki, wadda ta sauko daga ƙirji zuwa mara. Ita ke lanƙwasa mutum gaba.
2. Tsokokin gefen ciki, hawa biyu, waɗanda suka gitta juna a karkace. Su ke murɗa jiki, su kuma ke tsayar da murɗawar.
3. Tsokar can ciki, wadda ta kewaye ciki kamar ɗamara. Ba a ganinta daga waje.
4. Tsokokin baya, dogaye da gajeru, da ke bin ƙashin baya dama da hagu.
5. Tsokar numfashi da ke ƙarƙashin huhu, ita ce rufin sama, da tsokokin ƙasan mara, su ne daɓen ƙasa.
6. Tsokokin mazaunai, waɗanda ke haɗa cinya da ƙugu.

Ka dubi ganga. Fata biyu ce, sama da ƙasa, da tsirkiya da ta ɗaure su kewaye. Idan tsirkiyar gefe ɗaya ta saki, gangar ba ta ba da sauti ko da makaɗin gwani ne. Haka tsakiyar jiki take. Ba a gyara gaba a bar baya, ba a gyara dama a bar hagu.

Wasu masu bincike biyu a Jami'ar Queensland ta Ostareliya, Paul Hodges da Carolyn Richardson, sun auna aikin tsokar nan mai kama da ɗamara a shekarun 1996 da 1997. Sun gano cewa idan lafiyayyen mutum zai ɗaga hannu da sauri, ita ce ke fara ɗaurewa tun kafin hannun ya motsa. A jikin masu fama da ciwon baya kuwa, takan makara. Ashe jiki da kansa ya san cewa sai an ɗaure tsakiya kafin hannu ya yi aiki.

Yadda ƙarfi ke hawa daga ƙasa zuwa raket

Mu dubi mai daka. Ba da tsintsiyar hannu take ɗaga taɓarya ba. Takan kafa ƙafafu, ta miƙe tun daga gwiwa da ƙugu, sannan ta sako taɓarya da nauyin jikinta duka. Da hannu kaɗai za ta yi, da ba ta gama surfe kwano ɗaya ba. Haka mai faskare da gatari, haka ɗan dambe idan zai kai naushi. Ɗan kokawa kuwa kowa ya san ƙugu ake fara nema a jikinsa.

Bugun sama a badmintin, musamman wanda ake dannawa ƙasa da ƙarfi, wanda 'yan wasa ke kira simash, bin wannan tsari yake yi. Ƙafar baya ta tura ƙasa. Ƙugu ya juya gaba. Ƙirji ya biyo shi. Kafaɗa ta biyo, gwiwar hannu ta miƙe, sai hannu ya murɗa raket a ƙarshe kamar bulala. Kowace gaɓa tana karɓa daga wadda ke ƙasanta, ta ƙara nata, ta miƙa gaba.

Wani likitan 'yan wasa a Amurka, Ben Kibler, ya lissafa wannan a 1995 a kan bugun farko na wasan tanis, wanda shi ma daga saman kai ake yin sa. Ya samu cewa kusan kashi 54 cikin 100 na ƙarfin bugun daga ƙafafu da ƙugu da gangar jiki yake fitowa. Raket ɗin badmintin ya fi na tanis rashin nauyi, kuma murɗawar hannu tana da babban aiki a cikinsa, amma hanyar da ƙarfi ke bi ɗaya ce. Idan tsakiya ba ta miƙa nata kason ba, kafaɗa ce ke biyan bashin. Shi ya sa mai fizga da kafaɗa ya fi kowa saurin jin ciwo.

Aikin tsakiyar jiki na biyu shi ne birki. Idan abokin karawa ya ajiye shatil dab da raga, sai ka yi dogon taku da ƙafa ɗaya ka miƙa raket. A lokacin nan kanka da ƙirjinka suna so su ci gaba da tafiya. Idan tsakiya ba ta tsayar da su ba, sai ka kife gaba, ko ka dafa ƙasa, ko gwiwa ta karkace ciki. Kafin ka miƙe, an aika shatil bayanka. Yawancin makin da muke rasawa a filinmu ta nan suke tafiya, wajen kasa dawowa tsakiyar fili da wuri.

Abin da bincike ya nuna

A 2016 wasu malamai biyu a ƙasar Turkiyya, Ozmen da Aydogmus, sun wallafa wani bincike da suka yi a kan yara 20 masu buga badmintin, 'yan kimanin shekara 11. Sun raba su gida biyu. Gida ɗaya ya riƙa yin atisayen tsakiyar jiki sau biyu a mako har mako shida. Ɗaya gidan bai yi ba. Sun auna yaran kafin a fara da kuma bayan an gama, a kan abu uku: juriyar tsakiyar jiki, da iya tsayuwa a ƙafa ɗaya ana miƙa ɗayar, da zafin nama wajen gudu mai kwana-kwana.

Yaran da suka yi atisaye sun ƙaru a juriya, sun kuma ƙaru a tsayuwar ƙafa ɗaya. Amma a zafin nama ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba.

Wannan sakamako yana koya mana abu biyu. Na farko, mako shida kacal sun isa yaro ƙasa da shekarunmu ya ga canji a tsayuwarsa. Na biyu, atisayen tabarma ba ya mai da mutum mai sauri shi kaɗai. Wanda ke son sauri sai ya koyi takun ƙafa a cikin fili, ya yi ta maimaitawa. Wanda ke son shatil ya sauka inda ya nufa sai ya yi ta bugu. Tsakiyar jiki harsashin gini ce. Ba a kwana a kan harsashi, amma ɗakin da ba shi da shi ba ya kai damina biyu.

"Ai mu noma muke yi, me za mu yi da atisaye?"

Mun san za a yi wannan tambaya, kuma tana da hujja. Yaron Wonaka da ya yi noman gero da dawa da gyaɗa, ya ja guga, ya ɗauko itace, ba za a haɗa ƙarfinsa da na wanda ke wuni a kan kujera ba. Yarinyar da ke ɗauko ruwa a ka ba tare da ta riƙe bokiti ba, tana da daidaiton jikin da wasu sai sun yi watanni suna nema. Wannan jari ne da muke da shi tun daga gida.

Sai dai aikin gona fuska ɗaya yake ba jiki. Mai noma da fartanya a duƙe yake wuni, bayansa a lanƙwashe, hannu ɗaya ne a gaba kullum. Jarka mai lita 25 idan ta cika, ruwan cikinta kilo 25 ne. Wanda ya saba ɗaukarta da hannun dama kullum, gefe ɗaya yake ƙarfafawa, ɗayan yana baya. Badmintin kuwa yana so ka tafi kusurwa huɗu, ka tanƙwara baya ka kalli sama, ka sauka a ƙafa ɗaya, ka juya nan take. Atisayen da za mu kawo yana cike gurbin da gona ta bari. Yana kuma amfanar gonar kanta, domin bayan da ke da ɗamara mai ƙarfi ya fi jure duƙawa.

Atisaye shida a kan tabarma

Sunayen nan mu muka laƙaba musu don a riƙa tunawa. Kafin a fara, a ɗumama jiki na minti biyar da sassarfa, da tsallen igiya, da juya kafaɗu da ƙugu.

1. Katako. Ka kwanta ruf da ciki, ka ɗaga jiki a kan gwiwoyin hannu da yatsun ƙafa. Gwiwar hannu ta kasance daidai ƙarƙashin kafaɗa. Jiki ya miƙe sambal daga ƙeya zuwa diddige. Abokinka ya ɗora sanda a bayanka, ta taɓa ƙeya da tsakanin kafaɗu da mazaunai. Idan ya yi wuya, ka sa gwiwoyin ƙafa a ƙasa.

2. Katakon gefe. Ka kwanta ta gefe, ka dogara a kan gwiwar hannu ɗaya, ka ɗaga ƙugu har jiki ya miƙe. Kada ƙugu ya zube, kada ƙirji ya kife gaba. A yi dama, a yi hagu.

3. Gada. Ka kwanta rigingine, ka lanƙwasa gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa. Ka matse mazaunai ka ɗaga ƙugu har cinya da ciki su zama layi ɗaya. Ka ƙirga uku, ka sauko a hankali.

4. Rarrafe. Ka durƙusa a kan hannuwa da gwiwoyi. Ka miƙa hannun dama gaba, ƙafar hagu baya, a lokaci ɗaya. Ka ƙirga biyar, ka canza. A ɗora maka murfin kwano a gadon baya. Idan ya faɗo, ƙugunka ya karkace ke nan.

5. Buzuzu a rigingine. Ka kwanta rigingine, hannuwa sama, gwiwoyi a ɗage a lanƙwashe. Ka sauke hannun dama ta bayan kai, ka miƙe ƙafar hagu dab da ƙasa, ka dawo, ka canza. Sharaɗin shi ne ƙasan bayanka kada ya bar tabarma.

6. Langa da dogon taku. Ka tsaya a ƙafa ɗaya kamar mai shirin langa, amma ba tsalle, ƙugu a daidai. Bayan ka yi kowace ƙafa, sai ka ɗauki raket ko sanda, ka yi dogon taku gaba, diddige ya fara sauka, gwiwa ta kalli inda yatsun ƙafa suka kalla, ƙirji a ɗage. Ka tura ƙasa ka dawo inda ka taso.

Na biyu da na huɗu suna cikin atisaye uku da Farfesa Stuart McGill na Jami'ar Waterloo a Kanada ya shahara da koyarwa don lafiyar baya. Shawararsa ita ce a riƙe na ɗan gajeren lokaci a maimaita, ya fi a riƙe sau ɗaya har jiki ya lalace. Don haka ba gasar wa ya fi daɗewa muke yi ba. A duk atisayen nan a riƙa numfashi. Wanda ya kasa faɗin sunansa yana cikin yi, ya riƙe numfashi ke nan, sai ya sassauta.

Jadawalin mako shida

Sau biyu a mako, misali Litinin da Alhamis, don jiki ya samu hutu a tsakani.

Mako na 1 da na 2: katako da katakon gefe, sakan 10 sau 4. Gada sau 8. Rarrafe da buzuzu, sau 5 kowane gefe. Tsayuwar langa sakan 20, dogon taku sau 5 kowace ƙafa.

Mako na 3 da na 4: katako da katakon gefe, sakan 15 sau 4. Gada sau 10. Rarrafe da buzuzu, sau 7. Langa sakan 30, dogon taku sau 8.

Mako na 5 da na 6: katako da katakon gefe, sakan 20 sau 4. Gada da ƙafa ɗaya a ɗage, sau 6 kowace ƙafa. Rarrafe da buzuzu, sau 8. Langa da ido a rufe sakan 15, dogon taku sau 8 zuwa kusurwar dama da ta hagu.

Wanda bai iya na makonsa da kyau ba, ya tsaya a nan, kada ya haura. Sannu ba ta hana zuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2020, ta ce yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su riƙa motsa jiki na kimanin minti 60 a rana, kuma su yi abin da ke ƙarfafa tsoka da ƙashi aƙalla kwana uku a mako. Kwana na ukunmu sai mu cike shi da langa, ko tsallen igiya, ko takun ƙafa a fili.

A lokacin hunturu iska takan kwashe shatil, wasa ya gagara. Wannan matsala ba tamu kaɗai ba ce. Ita ta sa hukumar duniya ta fito da wani nau'in wasan na waje a 2019, mai suna AirBadminton, da shatil da ke jure iska. Kafin irinsa ya iso gare mu, ranar da iska ta hana bugu ita ce ranar tabarma a baranda ko a cikin aji.

Mu auna da kanmu

Gani ya kori ji. Kowa ya ja layi a bayan littafinsa, ya rubuta sakamakon gwaji huɗu kafin a fara, ya sake bayan mako shida.

Gwaji na ɗaya: sakan nawa ka riƙe katako kafin ƙugu ya zube?

Gwaji na biyu: a zana layi huɗu a ƙasa su gitta juna a tsakiya, su ba da tsinke takwas kamar tauraro. Ka tsaya a tsakiya da ƙafa ɗaya, hannuwa a ƙugu, ka miƙa ɗayar ƙafar ka taɓa kowane layi iya nisan da za ka iya ba tare da ka faɗi ba. A auna da tef ko rula. Irin wannan gwaji aka yi wa yaran Turkiyya.

Gwaji na uku: daga tsakiyar rabin fili, ka taɓa kusurwa huɗu da raket, kana dawowa tsakiya bayan kowace. Sakan nawa?

Gwaji na huɗu: a zana akwati a bayan filin can, a jefo maka shatil sau 20. Nawa suka sauka ciki?

Idan akwai waɗanda ba su shiga atisayen ba, a roƙe su su ma a auna su. Da haka za mu san ko atisayen ne ya kawo canji, ko kuwa sabo da gwajin ne kawai. Haka masu binciken kimiyya suke yi. Za mu liƙa jimillar sakamakon a wannan allo ba tare da sunan kowa ba.

Gargaɗi

Gajiyar tsoka daban, ciwo daban. Idan ka ji suka a baya, ko a gwiwa, ko jiri, ka tsaya nan take ka gaya wa malami. Yara masu girma da sauri sukan ji ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa. Mai irin wannan ya rage tsalle da dogon taku har a duba shi.

Mai sikila, da mai asma, da mai ƙaba, da wanda aka taɓa yi wa aiki a ciki, su nemi shawarar ma'aikacin lafiya tukuna. Mai zazzaɓi ya huta sai ya warke sarai.

A bazara zafi yakan kai digiri 40 a yankinmu. A yi atisaye da safe ko bayan la'asar, a inuwa, a sha ruwa kafin a fara da bayan an gama, a kuma tashi da wuri don kowa ya isa gida kafin magariba. Kada a yi shi da cikakken ciki.

Tsoka da abinci take ginuwa. Wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, awara, nono, ƙwai da zogale duk muna da su. Masu shekarunmu suna buƙatar barcin awa 8 zuwa 10.

Masu cewa atisaye yana hana yaro tsawo su kwantar da hankali. Likitocin yara sun bincika, sun ga atisayen da aka yi bisa ƙa'ida da kulawar babba ba ya hana girma. Masu son cikinsu ya fito layi-layi irin na fim kuma, su sani ba a ba da maki a kan wannan.

Namu sun kai can

Anuoluwapo Opeyori ya zama zakaran Afirka na maza a Fatakwal a 2019, a gasar da Dorcas Adesokan ta ci ta mata. Dukansu sun je Olamfik ta Tokiyo. A Olamfik ta Faris a 2024, Opeyori ne ya riƙe tutar Najeriya tare da Tobi Amusan a bikin buɗewa. A watan Satumba na shekarar 2024, Mariam Eniola Bolaji, tana da shekara 18, ta ci lambar tagulla a gasar masu buƙata ta musamman a Faris. Ita ce ta farko daga Afirka da ta ci lambar badmintin a wannan mataki. Tana wasa ne a rukunin masu lalura a ƙafa waɗanda ke bugawa a tsaye. Duk wanda ya yi tunanin yadda ake tare shatil da ƙafar da ba ta da cikakken ƙarfi, zai gane darajar daidaiton jiki. Shekara biyar kawai ta ba mu lokacin da ta yi wannan bajinta.

Akwai kuma gasar wasannin matasa ta ƙasa, ta yara 'yan shekara 15 zuwa ƙasa, wadda aka yi sau da dama a Ilorin, aka kai ta Asaba a 2023. Jihohi ne ke tura yaransu. Zamfara ma jiha ce, mu ma yaranta ne.

Roƙonmu ga malamai

Muna roƙon malamin motsa jiki ya ba mu minti 15 daga darasinsa sau biyu a mako, ya duba mana yadda muke yi, ya kuma riƙe mana agogon waya ranar gwaji. Muna roƙon ɗaya daga cikin malamai mata ta tsaya wa 'yan mata a wani aji na daban, domin su sake su yi nasu. Tabarmi mu za mu kawo daga gida.

Tambayoyi

1. Kawo tsokoki huɗu na tsakiyar jiki da aikin kowace.
2. Jera gaɓoɓin da ƙarfi ke bi daga ƙasa zuwa raket.
3. A binciken Turkiyya, me ya ƙaru, me kuma bai canza ba?
4. Me ya sa ake auna waɗanda ba su yi atisaye ba?
5. Idan faɗin fili mita 6.10 ne, tsawonsa mita 13.40, nawa ne faɗin murabba'insa?

A rubuta amsa a takarda tare da aji, a jefa a akwatin ƙungiya kafin ranar Juma'a. Za mu karanta amsoshin da suka fi kyau a taron safe. Gwajin farko ranar Litinin ne bayan an tashi. A zo da tabarma, da gorar ruwa, da littafi.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Daga wakilin shafin wasanni, aji biyu na ƙaramar sakandare.